Hannun da Ban Gani Ba

Kun sha yi mini dariya idan za mu shiga gaida wani tsoho, kuna cewa ina sunkuyar da kai har hulata ta kusa faɗuwa, kamar wanda ya yar da allura. Kun kuma sha jin 'yan uwanmu na ƙauye suna cewa Baffa Ilu ya rasu yana fushi da ni. Wasu su ce don na yi boko ne na raina shi, wasu su ce mahaifiyarku ce ta zuga ni. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ba ta da hannu a ciki, ita ce ma ta faɗa mini gaskiya na yi kunnen ƙashi. Zan rubuta muku abin da ya faru tun da sauran mai tunawa, kuma ba zan wanke kaina ba. Maganar daga tabarau ta taso, ni kuma na ƙarasa ta da hannuna.

Baffa Ilu wan mahaifina ne. Ina ɗan shekara shida mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da nasa 'ya'yan a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni. Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, kowane gida yana ɓoye nasa a rumbu, shi ya kama hannuna ya kai ni da kansa. Mutane suka ce ya ba da maraya ya ɓoye ɗan cikinsa. Ya ji, bai tanka ba, shekara da shekaru yana haɗiye maganar. Ranar da ya kai ni ɗin nan ita ce rana ta ƙarshe da hannunsa ya taɓa nawa, domin a gidanmu ɗa ba ya musabaha da uba. Ka cire takalmi tun daga waje, ka tsugunna nesa da buzunsa, ka saukar da ido, ya amsa maka daga inda yake. Hannu sai tsara, ko wanda aka yarda ya zama mutum.

Abin da Baffa ya fi ji da shi a duniya irin geronsa ne, wanda ya gada daga kakanmu. Duk kaka sai ya sa a kwance dammunan gero a zaure, dattawan unguwa su zauna, shi kaɗai yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana duban ƙwaya, wadda ta yi masa ya ajiye dama, wadda ba ta yi ba ya jefa hagu. A shekarun fari, da mutane suka cinye irinsu saboda yunwa, gidan Baffa ya kwana da dusa a ciki, amma ba a taɓa damin iri ba. Ni kuwa da na zama malamin gona a Kazaure, ina yawo da irin ofis a buhu, kallon mai tallan kayan wasa yake yi mini. Bai taɓa gayyata ta zaɓen iri ba, ni ma ban taɓa sa rai ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka ƙara wa ma'aikata albashi, gari ya cika da babura da rediyo, samari suka shiga sa baƙin tabarau har cikin masallaci. Ku riƙe wannan, domin a idon mutanen ƙauye a lokacin duk wanda ya rataya gilashi a fuska yanga yake yi. Ni na haura arba'in, ido ya fara yi mini gardama. Rubutun da ke jikin takardar maganin iri sai na miƙa hannu iya tsawonsa, hannun ya ƙare rubutun bai fito ba, ga shi in ka kuskure awo ka ƙona wa talaka irinsa. Nesa ma ba ta bar ni ba, sai in tsaya bakin gona in kasa bambance gero da dawa a ɗaya gefen. Da na gaji da ƙaryar cewa rana ce ke kashe mini ido, na tafi asibitin ido a Kano. Wanda ya miƙo mini tabarau wani ne Bulus, mutumin wajen Jos, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka haife shi.

"Malam, wannan hawa biyu ne," ya ce. "Na sama na nesa, na ƙasa na karatu. Sati uku kada ka cire shi sai za ka kwanta, ko da kanka zai tsage. In kana cirewa kana mayarwa, ido ba zai saba ba. Sannan in za ka dubi ƙasa, kada ka saukar da ido kawai, ka sunkuyar da kan gaba ɗaya."

Magana biyu ya faɗa mini. Ta farko na riƙe ta gam, ta biyun tun kafin in kai tasha ta zube.

Kwanakin farko na sha wuya. Wani layi ne ya ratsa tsakiyar gilashin ya raba mini duniya biyu, in na dubi mutum kansa na sama tar, ƙafafunsa na ƙasa suna iyo. Ƙasa kuwa tasowa take yi ta tarye ni, in ɗaga ƙafa in taka wurin da babu komai. Ranar farko na zurma cikin kwata a ƙofar gidanmu, a gaban masu sayar da rake. In na kai hannu akushi sai in dafa gefensa. Mahaifiyarku tana kallo tana danne dariya.

"Malam, ci a hankali, tuwon ba gudu zai yi ba."

Ban ga abin dariya ba, don kaina sarawa yake yi tun safe har dare, ga jiri. Na jingine babur a zaure na koma tafiyar ƙasa, ina ɗaga ƙafa kamar raƙumi a taɓo. Rana ta huɗu saƙo ya zo daga ƙauye, Baffa ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a zaɓi iri. Na yi murna ƙwarai, har na kasa zama wuri ɗaya. Da zan fita mahaifiyarku ta biyo ni har soro.

"In ka isa ƙofar gida ka cire abin nan ka sa a aljihu."

"An ce sati uku."

"Wanda ya ce sati uku bai san Baffa ba."

Na ce mata ita ba likita ba ce, na fice. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce ina so in duba irin Baffa da ido mai kyau, in nuna masa karatun da ya kai ni bai tashi a banza ba.

Na hau akori-kura zuwa Roni, na ƙarasa da ƙafa. Hanyar duk tsakuwa ce da duwatsu, na isa a gajiye, kai na bugawa. Rana tsaka na fito daga haske na faɗa zaure mai duhu, dattawa bakwai ko takwas a zazzaune, ga dammuna a kwance. Na cire takalmi, na tsugunna inda na saba tsugunnawa, na saukar da ido kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Saukar da idon nan kuwa shi ya jefa ni cikin gilashin karatu. Ban ga komai a gabana ba sai fari-fari dishi-dishi, wanda na san rigar Baffa ce.

"Baffa, mun same ku lafiya? Ya kaka?"

"Lafiya lau, Habu. Ka iso? Madalla da zuwanka."

Muryarsa a sake take, har da ɗan daɗi a ciki wanda ban saba ji ba. Daga nan sai zauren ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo, wani ya yi gyaran murya, wani ya gyara zama. Na ɗauka tabarau suke kallo, kunya ta kama ni, na ƙara ƙanƙame idona a ƙasa don kada a ce na yi rashin ladabi. Can sai na ji Baffa ya ja numfashi.

"To. Sale, miƙa masa ya gani."

Sale ɗan Baffa ne, ƙanena. Ya miƙo mini zangarniya. Don in ga ƙwayar da kyau sai na ɗaga ta wajen hasken ƙofa, na ɗaga haɓa sama ina leƙen ta ta gilashin ƙasa. A karo na farko cikin shekaru na ga ƙwayar gero ɗaya-ɗaya, kowace da siffarta, daɗi ya kama ni na manta inda nake. Ban sauke haɓar ba na juya wajen Baffa, hancina a sama, na ce iri ya yi kyau amma ƙwaro ya fara shiga wannan, da za a bari in kawo magani daga ofis. Gaskiya na faɗa, ƙwaron yana nan. Baffa bai ce komai a kan ƙwaro ba.

"An gode. Sale, ba shi ruwa ya sha, hanya da nisa."

Na shiga cikin gida gaida Inna Hajjo, matar Baffa, wadda ta yi mini wanka ta cire mini ƙaya ina yaro. Tsakar gida ga turmi, ga kaji, ga igiyar awaki, ni kuma ina ta ɗaga ƙafa ina tsallake abin da babu. Matan gida suka bar abin da suke yi suna kallona. Inna ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata.

"Habu, ƙasar tamu ce ta yi maka zafi?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi. Na koma Kazaure ina cewa a raina tsufa ya fara sa Baffa saurin gajiya.

Ranar kasuwa sai ga Sale. Aka kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi, mutumin da ko a gidan makoki ba ya mayar da kwano da saura. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma kafin ya yi magana.

"Yaya, me Baffa ya yi maka?"

"Kamar yaya?"

"Ya miƙo maka hannu a gaban mutane, ka bar shi. Ya riƙe shi a sama har hannun ya fara rawa, sannan ya mayar."

Jikina ya yi sanyi. Sale ya ce tun kafin in iso Baffa ya gaya wa dattawan cewa yanar tsufa ta rufe masa ido, ba ya ƙara ganin ƙwaya, don haka daga bana Habu ne zai riƙa zaɓen irin gidan. Ya ce musu yaron da aka ce ya yar, yau zai gaisa da shi gaisuwar manya kowa ya shaida. Shekara talatin da wani abu yana jiran ranar da zai ba mutanen nan amsa, ni kuma na tsugunna a gabansa ina kallon tabarma. Da Sale ya tsaya a nan, ina jin da na tashi na bi shi ko takalmi ban sa ba. Amma ya ci gaba, ya kwashe duk abin da ake faɗa a ƙauye ya zube mini. Wai na ɗaga wa Baffa hanci ina kallonsa ta ƙasan gilashi, wai na kushe irin kakanmu, wai ina ƙyamar taka ƙasar gidan da na yi rarrafe a ciki. Nan take sanyin jikina ya koma zafi. Kun san halina, ba sai na ɓoye muku ba. Na manta da hannun tsoho da ke rawa, na koma tunanin sunana da ake ci a bakin rijiya. Mahaifiyarku tana jin mu daga ƙofar ɗaki.

"Malam, tashi ka bi Sale yanzu. Ka je ka durƙusa, ka cire abin ka sa masa a fuska, ya gani da kansa."

"Ba na iya hawa babur."

"Da babur ka je ranar Juma'a?"

"In na tafi yanzu a guje, cewa za a yi na amsa laifin da ban yi ba."

"To, in an ce ɗin, mene ne? Ubanka ne fa."

Na daka mata tsawa ta koma ɗaki. Na ɗauko takarda da biro, na yi abin da ɗan boko ya iya. Shafi biyu na cika. Na bayyana yadda tabarau mai hawa biyu yake, har na zana shi, na ja layi a tsakiya, na rubuta nesa a sama, kusa a ƙasa. Na kawo maganar Bulus da ta sati uku, na ce in wa'adin ya cika ido ya saba zan hau babur in zo. Da na gama na ji daɗin takardar, na ga ko alƙali aka kai wa ba zai sami inda zai kama ni ba. Sale ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya ta. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne Baffa ba ya karanta boko, Sale ma haka. Mutum ɗaya ne ke karanta wasiƙa a ƙauyen, malamin makarantar firamare, shi kuwa a zaure yake karantawa da ƙarfi. Wanda bai ga an bar hannun Baffa a sama ba ranar Juma'a, ya zo ya ji labarinsa dalla-dalla daga bakin takardata.

Amsa ba ta zo ba. Na zauna ina jira, ina hura hanci kamar ni aka yi wa laifi. Mahaifiyarku ta daina yi mini maganar, sai dai kullum da safe ta goge kujerar babur ta bar tsumman a kai inda zan gani. A cikin kwanakin nan ido ya fara sabawa. Ciwon kai ya ragu, ƙasa ta koma inda Allah ya ajiye ta. Wata rana ina sauka daga matakalar ofis na tsinci kaina na sunkuyar da kai gaba ɗaya, na ga kowace matakala tar, sai a lokacin maganar Bulus ta biyu ta dawo mini. Na tsaya a wurin na gane cewa da na lanƙwasa wuyana a zauren nan, da na ga hannun. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ko a ranar ban tafi ba. Na ce saura kwana biyar, in cika abin da na rubuta, kada a ce takardata ƙarya ce.

Saura kwana biyu, da hantsi, wani direban Roni ya tsaya a ƙofar ofis ya ce Baffa Ilu na kwance tun shekaranjiya, ciwon haƙarƙari, an ce in zo. Na ruga gida na tayar da babur. Ni da na ce ba na iya hawa, na bi hanyar nan mai ramuka da duwatsu ban faɗi ko sau ɗaya ba, ko tangarɗa ban yi ba. A bakin ƙauye na gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta da makara babu kowa a kai. Suka buɗa mini hanya, kowa ya ce mini sai haƙuri, babu wanda ya dubi fuskata.

Bayan sadakar uku Inna Hajjo ta aika a kira ni. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, ta rame. Na tsugunna, wannan karon na sunkuyar da kai sosai, na ga hannunta lokacin da ta miƙo shi. Takardata ce a ninke, ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi.

"Ƙarƙashin buzunsa take. Ya ce in ka zo a ba ka abinka."

"Inna, me ya ce da aka karanta masa?"

"Ya ce ya ji, kuma ya yarda ba ka gani ba. Ya ce shi da kansa ai ba gani yake yi ba, ya san yadda abin yake." Ta gyara mayafi. "Amma ya ce shi ba takarda ya riƙa ba, mutum ya riƙa."

Na karɓi takardar na sa a aljihu.

"Kullum in ya ji ƙarar babur ta hanyar Roni sai ya ce a kakkaɓe tabarma. Dammunan irin ma ya hana a taɓa. Sale ya ce bari ya zaɓa, ya ce a'a, mai zaɓe na zuwa."

To, kun ji. Masu cewa ya rasu yana fushi da ni a kan hannu ba su san zancen ba, maganar hannun ya yafe ta tun ranar da aka karanta masa. Jirana yake yi ya rasu, kuma wannan ya fi fushin nauyi a wurina, har yau ban sauke shi ba. Geron da kuke ci a gidan nan jikan irin nan ne, domin a ranar na shiga zaure ni kaɗai na kwance dammunan, na zauna gefen buzunsa, na zaɓa har la'asar, dama da hagu yadda yake yi. Ina ganin kowace ƙwaya, babu mai kallona.

Da na gama na zaro takardar daga aljihu na buɗe. Sati uku sun cika har da ɗoriya, ido ya saba kamar yadda Bulus ya ce. Ita ce abu na farko da na karanta da tabaran nan ba tare da kaina ya sara ba, kowane harafi ya fito fes, har zanen da layinsa a tsakiya. Na bi ta daga sama har ƙasa ina neman inda na ce Baffa ya yafe mini. Na juya shafi na biyu, na dawo na farko, na sake bi da yatsa layi-layi. Ban rubuta ba.